Ɓawon teku a akwatin kifin ruwan daɗi: littafin aikina daga Garwa

11 ga Janairu, 2025

Ruwan famfon gidanmu ba shi da nauyi ko kaɗan. Idan na tara shi a bokiti na gwada, pH, wato ma'aunin tsamin ruwa (ƙasa da 7 tsami ne), yana nuna 6.8, ma'aunin KH kuma, na ma'adinan da ke tare tsami a ruwa, ɗigo ɗaya tak na maganin gwaji yake ci launin ya juye. Ga mai shan shayi wannan ruwa alheri ne, amma ga gufi da moli da nake kiwo a babban akwatina mai lita 120 wahala ce, domin su kifayen ruwa mai ma'adinai ne. Tsakanin canjin ruwa da canjin ruwa pH yakan zame ya koma 6.4, moli su tattare fukafukansu su tsaya wuri guda suna rangaji, ƙananan katantanwar da ke cin gansakuka a jikin gilashi kuma bayansu ya yi fari-fari ya zaizaye. Ruwan ne ke cin ɓawonsu da ransu.

Wannan ne ya sa na ƙudurta shigar da ɓawon teku, wato ɓawon katantanwa da makankarin teku, cikin akwatin a ranin nan, don ado da kuma gyaran ruwa. Masu kiwon kifin ado a Garwa, a arewacin Kamaru, ba mu da yawa, kuma duk wanda na tuntuɓa maganarsa ɗaya ce cikin biyu: ko dai ya ce gishirin teku zai kashe kifi, ko ya ce a tafasa a zuba, shi ke nan. Ni dai ina ganin duka biyun gefe guda suka kama. Zan bi abin a hankali, in riƙa rubuta abin da na yi da abin da ma'auni ya nuna.

Kayan da ke hannuna: leda guda ta ɓawo iri-iri da ƙanena ya zo mini da ita daga Kiribi, wasu ya tsinta a bakin teku, wasu ya saya wurin masu sayar wa baƙi kayan tsaraba, sai farin wuri cikin gwangwanin madara biyu da na saya wurin 'yan koli a babbar kasuwa. Akwai kuma ƙaramin akwati mai lita 50 a ɗakin yara, na kifin niyon tetira, wanda zan yi maganarsa daga baya.

12 ga Janairu

Yau tantancewa na yi, na shimfiɗa tabarma a zaure na zube komai.

Gwajin farko na ruwan khal ne. Ɓawo na gaskiya kusan dukkansa kalsiyam kabonet ne, sinadarin da ke cikin dutsen da ake haƙowa a Figil don yin siminti, kuma idan tsami ya taɓa shi sai ya yi kumfa. Na ɗiga khal a cikin kowane ɓawo ta ciki, inda ba a gani. Wanda ba shi da khal ya matsa lemun tsami, aikin ɗaya ne. A cikin wurin kasuwa na samu 'yan ƙwayoyi da ba su motsa ba sam. Da na duba da kyau sai ga layin injin a gefensu, ashe na roba ne. Na ware su.

Gwaji na biyu ya fi muhimmanci. Manyan ɓawon da aka saya a Kiribi suna da sheƙi irin wanda ya wuce na halitta. Na jiƙa auduga da ruwan goge jan farce na shafa: biyu daga ciki sun yi danƙo a hannu, audugar ta fito ruwan ɗorawa. Bernis ne aka shafa musu, irin na kafintoci. Wani kuma launin ruwan hoda ne ya biyo audugar, wato rina shi aka yi. Waɗannan ukun ba za su ga ruwan kifi ba har abada, ko da an kankare su, domin fenti yana shiga ƙofofin ɓawo inda buroshi ba ya kaiwa. Na ba uwargida ta jera a kan kabad. Akwai wasu da ke da maiƙo kawai, alamar an shafa musu mai don su yi kyau a idon mai saye. Su na ajiye su gefe in ga ko wanki zai fitar.

Duk wanda aka manna masa wani abu da gam, ko aka huda aka sa masa waya, shi ma ya fita. Jan ƙarfe guba ne ga katantanwa da jatan lande ko da kaɗan ne.

15 ga Janairu

Na sauka bakin Binuwai da hantsi, ƙasa da gada, neman ɓawon gida don in kwatanta da na teku. Ruwa ya ja baya sosai, yashi ya fito fili. A busasshen gefen fadama na tsinci makankari da yawa da kuma manyan katantanwar ruwa masu kumburi, wasunsu murɗinsu ta hagu yake, irin da masana ke kira Lanistes. Wani dattijon masunci da ke gyaran koma ya ga ina cika leda ya ce, "Malam, magani za a haɗa?" Na ce, "A'a Baba, kifi zan yi wa ɗaki." Ya yi dariya, sannan ya nuna mini inda kawa ke manne a jikin duwatsu, ya ce in ina son mai kauri can zan je.

Ban je ba, domin sai an shiga ruwa. A nan nake son in ja kunnen duk wanda zai yi irin wannan tsintuwa. Tsargiya tana nan a yankinmu, daga kwarin Binuwai har zuwa tafkin Lagdo da madatsar da aka kammala a 1982 ta tara. Ƙananan katantanwa ne ke ɗauke da ita: Bulinus mai kawo ta fitsarin jini, Biomphalaria mai kawo ta hanji. Tsutsar tana fita daga jikin katantanwa mai rai, ta yi iyo, ta huda fatar wanda ya tsoma ƙafa ko hannu. Busasshen ɓawon da ya daɗe a rana ba ya ɗauke da ita. Haɗarin yana cikin ruwan ne. Saboda haka a tsinta a tudu, a bar na cikin kududdufi, kada kuma a aiki yara. Katantanwa mai rai daga rafi kuwa kada a yi gigin jefa ta a akwatin da hannunka ke shiga kullum.

Na kauce wa gefen da ruwan gonaki ke malalowa. Ƙasar auduga muke, maganin feshi ba ya ƙarewa a gonaki, kuma ba na son abin da ya kwanta cikin wannan laka.

18 ga Janairu

Ranar tafasawa. Na samo tsohuwar tukunyar da ba a girki da ita, na wanke ba sabulu. Sabulu, omo, duk wani abu mai kumfa ba ya cikin wannan aiki daga farko har ƙarshe. Ragowarsa kaɗan tana lalata matsefin numfashin kifi.

Da farko na goge kowane ɓawo da tsohon buroshin haƙori a ƙarƙashin famfo. Yashin da ya fito daga na Kiribi ya ba ni mamaki, sai ka girgiza ɓawo ka ɗauka ya ƙare, ka juya shi wani ya zubo. Daga nan na jera su cikin ruwan sanyi, na ɗora a wuta kaɗan-kaɗan har ya tafasa, na bar shi minti 15, na sauke na bar su suka huce a cikin ruwansu. Ba a jefa ɓawo cikin tafasasshen ruwa, ba a kuma tsamo shi da zafi a sa a na sanyi, tsagewa yake yi. Duk da haka wani siririn makankari ya rabe biyu. Na adana gutsattsarin, suna da amfani nan gaba.

Wuri na raba shi daban. Sheƙinsa na halitta ne, kuma zafi mai tsanani na iya sa shi ya yi ƙananan tsage-tsage ya dushe. Na ɗumama shi har ruwan ya fara 'yan ƙwayoyi a gindin tukunya, na sauke. Ruwansa ya fito da ƙamshin turare da ɗan maiƙo a sama, abin da ba abin mamaki ba ne ga kayan da ya zauna a tiren 'yan koli kusa da kwalaben turare. Na sake masa sabon ruwa har maiƙon ya daina tasowa.

Maganar gishiri kuwa, a nan ta ƙare. Gishirin teku a saman ɓawo yake da cikin ramukansa, kuma yana narkewa ya fita da wanki da jiƙo. Ɗan abin da zai rage ba zai dami gufi da moli ba, su da ke jure ruwa mai zartsi.

19 ga Janairu

Na shinshina su ɗaya bayan ɗaya da safe. Masu faɗi, irin makankari da faifan teku, ba wari. Masu murɗi dogaye guda huɗu har yanzu suna ɗoyi idan ka kai hanci bakinsu. Akwai sauran nama a can ƙuryar murɗin da tafasa ba ta fitar ba. Na lanƙwasa waya na zaƙulo wani baƙin abu daga biyu. Sauran biyun wayar ba ta kai.

21 ga Janairu

Jabel, wato ruwan bilic mai kulorin da ake wanki da shi. Na yi ta juya maganar a raina, domin kulorin yana kashe kifi nan take, amma ba abin da ke cinye ragowar nama a inda hannu ba ya kaiwa kamar shi, kuma yana da kyau ɗaya: ana iya kawar da shi gaba ɗaya. Sharaɗin shi ne ya zama jabel zalla, ba mai turare ba, ba wanda aka haɗa da sabulu ba. A karanta jikin gorar.

Awo ɗaya na jabel, awo tara na ruwa, a roba, a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, da safar hannu. Masu murɗi sai an riƙa juya su a ƙarƙashin ruwa, baki sama, ana mirginawa har kumfar iska ta daina fita, in ba haka ba iskar da ta maƙale a ciki za ta tare ruwan, ƙuryar da ake son wankewa ta zauna a bushe. Na taimaka da sirinji, na riƙa tura ruwan ciki da ƙarfi. Masu faɗi awa ɗaya na ba su. Masu murɗi sun kwana.

Kada a kuskura a haɗa jabel da khal, ko a zuba ɗaya a robar da ɗayan bai gama fita ba. Haɗuwarsu tana tayar da iskar kulorin mai ƙona huhu. Ni kwalbar khal ma na mayar da ita kicin kafin in buɗe gorar jabel.

Wuri bai shiga jabel ba, saboda sheƙinsa, kuma dama ba shi da wari.

Da gari ya waye, fatar nan mai ruwan ƙasa da ke lulluɓe da katantanwar Binuwai ta saɓule, sun fito fari tas. Na ɗan ji ba daɗi, launin nasu na asali ya fi kyau a idona. Wanda ke son launin ya tsaya a tafasa kawai idan ɓawon ba ya wari.

25 ga Janairu

Ɗauraya, ɗauraya, ɗauraya. Sannan jiƙo a sabon ruwa da maganin kashe kulorin, irin wanda muke ɗigawa a ruwan famfo kafin mu zuba wa kifi, na ninka awonsa sau uku. Sinadarin da ke cikinsa, sodiyam tayosalfet, shi ke karya kulorin. Nan ma sai da sirinji don ya kai ƙurya. Na riƙa sauya ruwan safe da yamma, daga nan na shanya su a rana a kan rufin kwano, baki ƙasa, na rufa musu tsohon gidan sauro saboda ƙurar hunturu. Ranar Garwa ko a cikin sanyi ba ta wasa, sun bushe ƙayau.

Ɗaya daga masu murɗin nan har yanzu in an jiƙa shi yana ɗan tashi. Na haƙura da shi. Masu maiƙon nan na Kiribi kuma biyu sun wanku, ɗaya har yanzu ruwa na tsayawa ɗigo-ɗigo a bayansa, shi ma ya bi sahun na kan kabad.

1 ga Fabrairu

Zuwa nan ɓawon ya tsabtata. Da yawa a nan suke tsayawa su zuba a akwati, kuma a ganina a nan ne ainihin aikin ya fara. Wanki yana fitar da abin da ke jikin ɓawo ne kawai. Ɓawon kansa yana nan, kuma shi ne zai riƙa narkewa cikin ruwa a hankali, kamar yadda ɗan gutsuren kanwa ke sauya tukunyar miya gaba ɗaya, sai dai shi ba ya ƙarewa a kwana ɗaya. Ko shekara aka yi ana tafasa shi, kalsiyam kabonet ne, zai ɗaga pH, zai ƙara wa ruwa nauyi. Tambayar ita ce nawa zai ɗaga, cikin wane lokaci, kuma kifin da ke ciki yana so ko ba ya so.

Don haka na jera bokitai huɗu masu lita 10 a lungun zaure, kowanne da ruwan famfon da ya kwana. Na farko ba komai a ciki, shi ne shaida. Na biyu na sa masa ɓawon teku cikakku, kimanin giram 300. Na uku wuri, nauyi ɗaya. Na huɗu gutsattsarin makankari da fasassun ɓawo da na daka a turmin ƙarfe suka koma kamar tsakuwa, shi ma giram 300. Na raba musu iska daga inji ɗaya, na rufe da kwali. Awon farko a dukkansu: pH 7.2, KH 1.

8 ga Fabrairu

Bokitin shaida: pH 7.2, KH 1, bai motsa ba. Na ɓawo cikakku: 7.6, KH 2. Na wuri: 7.4, KH tsakanin 1 da 2. Na dakakke: 8.0, KH 3.

Nauyi ɗaya, sakamako daban. Dalilin a fili yake: ruwa yana cin ɓawo ne ta fuskar da ya taɓa, dakakke kuwa fuskokinsa sun ninka ba adadi. Wuri mai santsi da tauri shi ya fi kowa jinkiri. Wannan ya nuna mini cewa ɓawon ado guda uku ko huɗu a babban akwati ba su ne za su juya ruwa dare ɗaya ba, amma wanda ya shimfiɗa dakakken ɓawo a matsayin yashi ya sauya ruwansa gaba ɗaya, ko ya sani ko bai sani ba.

Kada tazarar 7.2 zuwa 8.0 ta yi wa kowa kama da ƙarama. Ma'aunin pH ninki yake tafiya: kowane mataki ɗaya cikakke ninki goma ne na tsami. Kifin da aka ɗauke daga 6.4 aka jefa a 8.0 a wuni guda ya sha duka.

Na kuma gwada amoniya a bokiti na biyu, don in tabbatar ba wani nama da ya rage yana ruɓewa. Sifili. Ruwan garau, ba yanar mai a sama, ba wari.

15 ga Fabrairu

Awon yau kusan ɗaya da na makon jiya, sai na dakakke da ya ɗan hau zuwa 8.2 ya tsaya. Haka ya kamata. Narkewar ɓawo tana da birki a jikinta: muddin ruwa na da tsami yana narkewa da sauri, yana kusantar 8 yana rage gudu, a wajen 8.2 zuwa 8.3 kuma ruwan da ke shan iska ya ƙoshi, ba ya ƙara ɗauka. Shi ya sa nake ganin ɓawo ya fi hodar ɗaga pH da ake sayarwa a kwalba aminci. Hoda hannunka ne awonta, in ya zarce ta zarce. Sai dai bokiti ba akwati ba ne. A akwati kifi na fitar da iskar kabon, ƙwayoyin halittar da ke cikin matata kuma suna haifar da tsami yayin da suke sarrafa kashin kifi, don haka ɓawo zai ci gaba da narkewa fiye da yadda bokiti ya nuna.

Da yamma ƙaramar 'yata ta zo da wuri uku a tafin hannu ta ce, "Abba, a sa wa kifina su ma." Na zaunar da ita na ce mata nata kifin daga ƙoramun dajin Amazon kakanninsu suka fito, ruwa ne mai tsami mara ma'adinai, ruwan famfonmu yadda yake ya fi musu daɗi. Abin da zai warkar da moli shi zai takura wa niyon. Ta ce to a ba ta na robar. Na ce su ma a'a, ba mu san fentin da ke jikinsu ba. Mun daidaita a kan duwatsun rafi masu santsi, waɗanda na ɗiga wa khal a gabanta ba su yi kumfa ba. Ƙaramin akwati ba zai ga ɓawo ko ɗaya ba, kuma duk mai kiwon tetira ko diskas ko wani kifin ruwa mai laushi shawarata gare shi ke nan.

18 ga Fabrairu

Aikin magagari. Duk bakin da ya yi kaifi na goge shi har yatsa ya bi ba ya kamawa, saboda jelar gufi kamar mayafi take, abu kaɗan ke yaga ta. Masu murɗi kuma akwai wata matsalar: ɗan kifi yakan kutsa ciki ya kasa juyowa, ya mutu a can, ba ka sani ba sai ruwa ya ɓaci. Na cusa wa kowanne tsakuwa mai tsabta a maƙogwaro har ta zauna daram. Wuri bakinsa siriri ne, amma abinci na iya taruwa a ciki, don haka baki ƙasa zan kwantar da su cikin yashi.

22 ga Fabrairu

Kashin farko ya shiga babban akwati bayan canjin ruwa: faifan teku uku da wuri kamar cikin tafi. Ba ƙari. Dakakken kuma na ƙulla cokali biyu a cikin guntun safa mai raga na sa a matata, inda zan iya cirewa cikin minti ɗaya in abin ya yi yawa. Awo kafin a sa: pH 6.6, KH 1. Burina kada ya hau fiye da 0.2 a rana.

26 ga Fabrairu

pH 7.0, KH 2. Kifi na cin abinci yadda suka saba. Na ƙara katantanwar Binuwai biyu.

4 ga Maris

Azumi ya kama, zafi ma ya kama. Ma'aunin zafin akwati yana kaiwa 30 da la'asar. pH 7.4, KH 3. Moli sun buɗe fukafukai, rangajin nan ya tafi, kuma sabon ɓawon da ƙananan katantanwa ke fitarwa a bakinsu ya fito da santsi, ko da yake tsohon zaizayen ba ya komawa.

Amma a nan ne hankalina ya fi tashi, kuma wannan ne abin da nake ganin mu mazauna ƙasar zafi ya kamata mu riƙe fiye da masu kiwo a Turai. Amoniyar da kifi ke fitarwa kashi biyu take zama a ruwa, ɗaya mai sauƙi, ɗaya mai guba, kuma pH da zafi ne ke raba su. A zafin digiri 30, idan pH yana 7, mai gubar ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Idan ya kai 8, ta haura kashi 7 cikin 100. Ma'ana, ƙazantar da kifi ke jurewa a ruwa mai tsami, ita ce za ta kashe su bayan ɓawo ya ɗaga ruwan. Mutum zai ce ɓawon teku ya kashe masa kifi, alhali akwatin ne ya cika da yawa, ko matata ba ta aiki, ɓawon kawai ya tona asirin. Ga kuma ruwan zafi ba ya riƙe iskar shaƙa sosai.

Saboda haka na rage abinci zuwa sau ɗaya a rana, bayan shan ruwa, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti biyu. Na kwashe 'ya'yan gufi da suka yi yawa na kai wa wani abokina. Amoniya a yau sifili ce, kuma zan riƙa gwada ta duk bayan kwana biyu har zafin ya sauka.

12 ga Maris

An ɗauke wuta tun azahar har bayan isha'i. Matata ta tsaya, dakakken ɓawon na zaune cikin ruwan da ba ya gudu. Kafin in sake kunnawa na zubar da ruwan cikin matatar, na ɗauraye ƙullin da ruwan akwati. A tsakani na riƙa ɗibar ruwa da kofi ina kwararawa daga sama don iska ta shiga. Ba a rasa kowa ba.

Wani abin lura: na sa fanka tana hura saman ruwa don ya huce, tana rage digiri biyu zuwa uku, amma ruwan na ƙafewa da sauri, yatsa biyu a kwana uku. Ruwa ne kaɗai ke tashi, ma'adinan suna zama. In aka yi ta cikawa ba a canzawa, nauyin ruwa zai yi ta taruwa. Don haka cikawa daban, canjin kashi ɗaya cikin huɗu duk mako daban. Kuma ruwan canjin ba daga famfo kai tsaye ba: bokitin nan na huɗu na mayar da shi wurin ajiye ruwa, yana kwana biyu a kan dakakken ɓawo, in gauraya shi da na famfo har awonsu ya kusanci na akwati, sannan in zuba.

22 ga Maris

Mako biyu ke nan awo bai motsa ba: pH 7.6 da safe, 7.8 da yamma, KH 4, amoniya sifili. Na cire cokali ɗaya daga ƙullin matata, domin nan nake son ya tsaya. Masu murɗi biyu sun shiga, na ɗaga su bayan kwana uku na shinshina, lafiya lau. Koren gansakuka ya fara hawa fararen ɓawon, na bar shi, moli na kiwo a kai.

Sauran manyan katantanwar Binuwai, wajen ashirin, na adana su a kwali da wata niyya. A tafkin Tanganyika, tsakanin Tanzaniya da Kwango da Burundi da Zambiya, akwai ƙananan kifaye dangin karfasa da ba su da gida sai cikin ɓawon katantanwar Neothauma. Ruwan tafkin pH ɗinsa na kusan 9, shi ya sa ɓawon ba ya narkewa, yake taruwa fili guda a ƙasa, kifayen su rarraba shi, su haƙa yashi kewaye, su yi ƙwai a ciki. Ɗaya daga cikinsu, Neolamprologus multifasciatus, namijin bai fi santimita 5 ba. Masu kiwo a Turai da ɓawon katantanwar da Faransawa ke ci suke yi musu gida, namu na fadama kuwa girmansu da faɗin bakinsu sun dace. Waɗannan ba za a toshe musu baki ba.

Sai dai su kifayen ruwan digiri 24 zuwa 27 ne, ba za su ɗauki Afrilun Garwa ba. Na yi magana da mai kawo mana kaya daga Yawunde cewa ya dakata sai damina ta zauna, wajen Yuli. Kafin nan zan haɗa akwati na uku da yashin rafi gauraye da dakakken ɓawo, in bar matatarsa ta yi wata guda tana aiki ba kifi, in kuma ajiye ma'aunin zafi a ɗakin da nake son sa shi, in ga ko yana sauka ƙasa da 28 da rana. In bai sauka ba, sai in nemi wani ɗakin.